DOKIN ƘARFE YA DAWO: ZIYARA A WANI SHAGON TSOFAFFIN KEKUNA A ZANGON AGEGE

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na shekarar 2023, sa'ad da Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, lissafin talakan Nijeriya ya birkice. A birnin Ikko, litar mai wadda a ke saye a kan kimanin Naira 185 ta koma Naira 488 cikin kwana biyu, kuma ya zuwa watan Oktoba na 2024 ta kai Naira 998 a gidajen mai na kamfanin NNPC. Abin da ya taɓa mai kuwa ya taɓa kuɗin mota, abin da ya taɓa kuɗin mota ya taɓa tukunya. Lebura da maigadi da ɗan tireda suka wayi gari suna miƙa wa kwandasta wani kaso mai tsoka na abin da suka wuni suna nema.

Cikin wannan hali ne jama'a suka tuna da wani tsohon bara da aka daɗe da yi wa kallon raini, watau keke, wanda iyayenmu ke kira basukur, ko laulawa, ko kuwa dokin ƙarfe. To, amma sabon keke mai ƙwari ya fi ƙarfin aljihun wanda ya fi bukatarsa. Saboda haka sai kasuwa ta koma wurin masu sayen tsofaffi su gyara su sayar. Na ziyarci ɗaya daga cikin irin waɗannan shaguna a unguwar Hausawa ta Agege, kuma abin da na gani shi ne, darajar tsohon keke tana rataye ne ga abu biyu: gwanintar hannun da ya gyara shi, da gaskiyar bakin da ya sayar da shi.

AGEGE DA HAUSAWA

Ga mai karatu wanda bai taɓa zuwa Kurmi ba, Agege tana arewacin Ikko ne, daura da Ikeja babban birnin Jihar Legas. Goro da jirgin ƙasa su ne suka kawo Hausawa nan. An buɗe hanyar jirgi daga Ikko zuwa Badun a 1901, ta ratsa ta Agege, sa'an nan dogo ya isa Kano a 1911. A wancan zamani ƙasar Agege gonakin koko ne da na goro, sai fatake suka riƙa sauka suna sayen goro, suna ɗaure shi cikin huhu suna aikawa Arewa, su kuma suna kawo shanu da sauran kayan Arewa. Masaukin nan nasu shi ne ya zama Zango, kuma har yau akwai Sarkin Hausawan Agege da fadarsa. A nan za ka sami iyalan da kakanninsu ma a Agege aka haife su, suna jin Yarbanci kamar Hausa.

Yau gonakin goro sun zama gidaje da kasuwanni. Babbar mahautar Ikko tana Oko-Oba. Makarantar Markaz, wadda Shehu Adamu Abdullahi Al-Ilori ya kafa a Abekuta a 1952 kafin ya dawo da ita nan, tana tara ɗalibai daga wurare masu nisa. Ba da nisa sosai ba, wajen Abule-Egba, ga kasuwar gwanjo ta Katangowa. Ma'aikatun Ikeja da na Ogba kuwa suna maƙwabtaka. Duk waɗannan wurare ne da tafiyarsu a ƙasa ta ke gajiyar da mutum, amma a kan keke ba su da wani nisa. Wannan shi ne asirin kasuwar keke a Agege.

SHAGON DA MAI SHI

Shagon da na je yana cikin wani lungu kusa da layin dogo. Ɗaki ɗaya ne da rumfar kwano a gabansa. Kekunan da aka gama gyarawa an jera su a bakin rumfa, an zura musu doguwar sarƙa guda ta ɗaure su gaba ɗaya, manya a baya, na yara a gaba. Waɗanda ba a taɓa ba tukuna suna jibge a ciki, wani kan wani. A jikin bango an kafa ƙusoshi an rataye tayoyi da wiloli da sirada, a ƙasa kuwa ga gwangwanayen madara cike da noti da boris, ga wani tsohon daro na ruwa wanda a ke tsoma tib a ciki don a gano inda ya ke yoyon iska. Warin giris da kananzir da sholisho shi ne turaren wurin.

Mai shagon mutum ne da furfura ta fara kama gemunsa, mutumin ƙasar Kano. Bayan mun gaisa na ce, "Ranka ya daɗe, sannu da aiki," ya amsa ya sa aka jawo mini benci, amma bai ajiye wilin da ke hannunsa ba. Ya shaida mini cewa a wurin mai kekunan haya ya fara koyon sana'ar yana yaro, irin wuraren nan da yara kan biya kuɗi su ɗauki keke na ɗan lokaci su je fili su koya, su dawo da shi a karkace. Wanda ya tashi yana miƙe abin da 'yan koyo suka lanƙwasa, in ji shi, babu ɓarnar da za ta ba shi tsoro. Yana da yara uku masu koyon aiki, biyu Hausawa, ɗaya Bayarabe ɗan unguwa, dukansu kuma Baba su ke ce masa. Ƙaramin cikinsu faci da buga iska ne aikinsa, na tsakiya wanki da sa giris, babban ne kaɗai aka yarda ya taɓa wili.

INA A KE SAMO SU?

Hanyoyi uku ne kekunan ke zuwa. Ta farko, kuma mafi girma, ita ce ta teku. Manyan 'yan kasuwa kan yi odar kwantena cike da tsofaffin kekuna daga ƙasashen waje, a sauke a tashar Apapa ko ta Tin Can, waɗansu kuma ta Kwatano su ke biyowa. Mutanen Ikko na kiran irin wannan kaya tokumbo, mu kuma a Arewa mu kan ce ɗan Baljiyam ko ɗan Kwatano. Ƙaramin mai shago ba shi da ƙarfin kwantena, sai dai ya je wurin dila ya zaɓi 'yan ƙwarori gwargwadon jarinsa. Domin a sami wurin cusa da yawa, a kan cire feda a karkatar da kan keke tun daga can, a danne su wani bisa wani, saboda haka da wuya keke ya iso ba tare da wilinsa ya karkace ko madigadinsa ya lotse ba.

Da yawa daga cikinsu 'yan Japan ne. A can mutane kan hau keke daga gida zuwa tashar jirgin ƙasa su ajiye, kuma hukumomin birane kan kwashe waɗanda aka yasar ko aka ajiye ba bisa ƙa'ida ba. In an daɗe mai shi bai zo ya karɓa ba, sai a sayar, waɗansu a fitar da su ƙasashen waje. Tun 1994 doka ta wajabta wa duk mai keke a Japan ya yi masa rajista don maganin ɓarayi, shi ya sa za ka ga 'yar takarda manne a jikin keken da lamba da rubutun Japananci. Masu saye a Agege sun ɗauki wannan takarda tamkar shaida ce ta cewa keken ɗan asali ne, don haka mai gyara ba ya kankare ta.

Hanya ta biyu ita ce ta cikin gida: wanda yaransa suka girma, ko wanda bukata ta taso masa, ko mai son musanya tsoho da wanda ya fi shi. Ta uku kuwa ita ce ta 'yan gwangwan, masu yawo da kura suna sayen tsofaffin ƙarafa. Su kan kawo gangar jikin keke wadda ba taya ba sirdi, mai shago ya duba, in ƙashinta lafiya lau ne ya saya kafin ta tafi wurin narkarwa.

YADDA A KE TA DA MATACCE

Na zauna na kalli yadda aka yi da wani keke ɗan Japan daga fari har ƙarshe. Abin da maigidan ya fara dubawa shi ne gangar jiki. Ya shafa bututun da ke bayan wuyan keken yana neman inda fenti ya tattare, domin wannan ita ce alamar keken ya taɓa yin karo. Ya hango fok daga gefe ya ga ko ya koma baya. Sa'an nan ya ɗauko zare ya zagayo da shi daga wuya zuwa inda a ke ɗaura wilin baya ta kowane gefe, ya gwada tazarar zaren da bututun sirdi. In tazarar hagu da ta dama ba su zo ɗaya ba, to, keken a murɗe ya ke, kuma ko an sa masa sabon kome da kome zai riƙa ja gefe guda. Irin wannan ba ya gyara shi don sayarwa. Yanka shi ya ke yi, watau ya kwance shi ya ajiye kayansa don gyaran waɗansu.

Wanda ya ci wannan jarrabawa sai a kwance shi sarai. Duk inda ke juyawa a jikin keke, watau cibiyar wili ta gaba da ta baya, da gindin feda, da wuya, a kan 'yan ƙananan ƙwallayen ƙarfe ya ke gudu, su ne boris. A wanke su da kananzir, a zubar da waɗanda suka ci, a cika gurbinsu da sababbi, a shafa giris, a ɗaure daidai: in ya yi tsauri zai ci kansa, in ya yi sako-sako zai riƙa kaɗawa. Wannan aiki ba ya ganuwa daga waje, ga shi kuwa shi ne ran keke, balle a gari irin Ikko inda ruwan sama da laima da iskar teku ke sa ƙarfe tsatsa da wuri. Na ga maigidan ya ja kunnen ƙaramin yaron da ke kokawa da fedar hagu, ya tuna masa cewa ita a juye a ke kwance ta, domin zarenta ya saɓa wa na dama.

Miƙe wili shi ne ƙololuwar sana'ar. A kifa keke, a juya wili, a sa ido a kan tazarar da ke tsakaninsa da robar birki. Inda ya karkata hagu a ɗaure sifok na dama a sassauta na hagu, kaɗan-kaɗan, rubu'in juyi bayan rubu'in juyi, har ya daidaita. Mai gaggawa ba ya iya wannan aiki, domin in ka matsa wuri guda da yawa sai wani wurin ya ɓaci.

Babbar wahalarsu ita ce kayan gyara, don kuwa kowace ƙasa da irin awonta. Tsofaffin kekuna irin su Raleigh da Phoenix tayarsu mai lamba 28 ce. 'Yan Japan yawanci 26 ne ko 27. Kekunan hawan dutse masu giya da yawa su ma a kan rubuta musu 26, amma tasu ba ta shiga ta ɗan Japan, domin faɗin wilin ɗaya milimita 559 ne, ɗayan kuwa 590. Wanda bai san wannan ba sai ya sayo taya ya dawo yana rantsuwa an cuce shi. Har wa yau waɗansu 'yan Japan giyarsu a ɓoye ta ke cikin cibiyar wilin baya, irin ta kamfanin Shimano, ga ƙarko, amma in ta lalace ba kowane bakanike ke iya buɗe ta ba, kuma kayanta sai a jikin wani keken da aka yanka.

SU WA KE SAYE?

A 'yan sa'o'in da na yi a wurin na ga masu saye iri-iri. Akwai maigadi da ke aiki a wata unguwar masu hali a Ikeja, wanda ya yi lissafi ya ga kuɗin motar da ya ke kashewa cikin 'yan watanni ya isa ya saya masa keke. Akwai mahauci mai sammakon zuwa Oko-Oba, shi tsohon keke mai sanda ya ke so, wanda za a ƙara wa kariya ƙarfi da walda don ɗaukar kaya. Akwai wani dattijo da ya zaɓi ɗan Japan marar sanda a tsakiya. A dā irin wannan keken mata a ke ce masa, namiji na jin kunyar hawa, amma yanzu dattawa sun gane cewa mai doguwar riga ya fi jin daɗinsa, ga kwando a gaba na sa cefane. Masu tallan madarar sanyi ta Fan Milk, waɗanda suka daɗe suna yawo da akwati a gaban keke a titunan Ikko, su ma su kan tsaya a yi musu faci. Kekunan yara kuwa, maigidan ya ce, kasuwarsu sai gab da Salla da lokacin hutun ƙarshen shekara.

Wanda ya fi tsaya mini a rai wani saurayi ne da ya ce dā acaɓa ya ke yi. Mai karatu zai tuna cewa daga ranar 1 ga watan Yuni na 2022 Gwamnatin Jihar Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, watau Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa, sa'an nan a watan Satumba na wannan shekara ta ƙara da Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin. Hujjar gwamnati ita ce yawan haɗari da aikata laifuffuka a kan babura. Samarin Arewa masu ɗimbin yawa da wannan sana'a su ke ci, su ke aika wa iyaye. Waɗansu sun koma gida, waɗansu sun koma unguwannin da dokar ba ta shafa ba, waɗansu kuwa, kamar wannan saurayi, sun juya ga aikin kai saƙo da abinci gida-gida, irin wanda kamfanoni kamar Chowdeck da Glovo ke bayarwa ta wayar hannu, inda a ke karɓar mai keke. Kuɗin da ya zo da su na adashi ne da ya kwasa. In keken ya yi ƙarko ya sami abin yi, in ya mutu a mako na biyu jarinsa ya tafi ke nan, ga zubin adashi na jiransa.

Wannan ba a Ikko aka fara ganinsa ba. Da aka hana hawan babur a Maiduguri a 2011 saboda matsalar tsaro, keke ne ya rufa wa jama'a asiri, haka kuma ya ƙara daraja a Kano bayan hana acaɓa a farkon 2013.

CINIKI DA AMANA

To, a nan ne maganar gaskiya ta shigo. Tsohon keke abu ne mai saukin ɓoye aibi. Gwangwanin fenti guda da sabuwar ƙararrawa da 'yan lambobi masu walƙiya sun isa su mai da gawa amarya. Akwai masu cike tsagewar ƙarfe da abin liƙi su shafe da fenti, mai saye ya hau, sai ran da ya faɗa rami da kaya a baya keken ya rabe biyu. Kyan ɗan maciji ke nan. Mai shagon da na ziyarta ba ya fenta keke sai in mai saye ne ya nema bayan ya gan shi a yadda ya ke. Na ji shi da kunnena yana gaya wa saurayin nan cewa tayar baya ta kusa ƙarewa, ko dai ya ƙara kuɗi a sa sabuwa, ko a rage masa ya lallaɓa da ita. Malaman fiƙihu sun daɗe da bayyana cewa ɓoye aibin haja haramun ne, kuma wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibi da aka ɓoye masa yana da ikon mayarwa. A unguwa irin Zango, inda mai saye da mai sayarwa za su haɗu a sahu ɗaya da Magariba, wannan hukunci yana da mai tsaronsa.

Cinikin kansa irin na gida ne. Mai saye ya taya, maigida ya ce, "Albarka." Ya ƙara, a ce, "Haba ɗana, ai ko uwar kuɗi ba ka kai ba." A ja, a saki, wani na gefe ya sa baki ya raba, har a kai ga "Allah Ya sa albarka, na sallama." Wanda aka sani a unguwa, ko wanda wani babba ya tsaya masa, a kan bar shi ya biya sau biyu ko uku. Kuma in wani abu ya kwance cikin 'yan kwanakin farko, ya dawo da shi a ɗaure masa kyauta.

Akwai kuma haɗarin kayan sata. Keke ba shi da takardu kamar mota, kuma karɓar kayan sata laifi ne a dokar ƙasa. Saboda haka maigidan yana da wani littafi da ya ke rubuta lambar da aka buga a jikin kowane keke, wadda yawanci a kan same ta a ƙarƙashin gindin feda ko kusa da wuya ko sirdi, tare da sunan wanda ya kawo shi. Baƙon da ya zo da keke mai kyau yana neman a saya da gaggawa a kan kuɗi kaɗan, ba ya saye sai ya kawo wanda ya san shi.

Ga mai niyyar saye, a ko'ina ya ke, ga abin da na koya. Ya ɗaga keken ya juya kowane wili ya ga ko yana rawa. Ya kama feda ya girgiza ta gefe da gefe. Ya matse birkin gaba ya tura keken gaba da baya ya ji ko wuya na ƙwanƙwasa. Ya ja sarƙa daga jikin babban faranti, in ta ɗago har haƙori ya bayyana to ta miƙe, kuma za ta ci firiwil. Ya yi hattara da sabon fenti. Ya hau ya zaga. Daga ƙarshe ya karɓi rasit mai ɗauke da lambar keken. Araha dai ba ta ado.

JIYA MU KE HARHAƊAWA

Duk wanda ya zauna a irin wannan shago dole ya tambayi kansa yadda aka yi ƙasa mai mutane fiye da miliyan 200 ta koma dogaro da kekunan da waɗansu suka yar. Dattawa za su tuna zamanin da keke ya ke abin alfahari, malamin makaranta da malamin gona da ɗan kasuwar ƙauye kowa da nasa, a goge shi a yi masa ado, a biya masa lasin a En'e, wanda kuma ya hau da dare ba fitila ya gamu da ɗandoka. Za su tuna hoton tallan nan na wani mutum a kan Raleigh zaki na bin sa bai cim masa ba. Kamfanin Raleigh na birnin Nottingham a Ingila ya ɗauki Nijeriya cikin manyan kasuwanninsa, har aka kafa ma'aikatar kekunansa a Kano.

Sai kuɗin mai suka zo. Bayan rahoton Udoji na 1974 albashi ya tashi, ma'aikata suka koma babur da mota, a 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Ikko, keke ya zama alamar rashi. Da tattalin arziki ya karye aka shigo da shirin SAP a 1986, darajar Naira ta faɗi, ma'aikatu suka kasa sayen kayan aiki daga waje, kasuwa ta koma hannun kekunan Sin da Indiya, irin su Phoenix da Hero, daga baya kuma tokumbo. Manyan ma'aikatun taya ma sun bi sahu: Michelin ta rufe ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta daina yi a Ikeja, nan kusa da Agege, a 2008. Ko a Ingila ma Raleigh ta daina harhaɗa keke a Nottingham a 2002. Sakamakon haka shi ne, kusan duk abin da ke rataye a bangon shagon nan, daga tib har boris, da kuɗin waje aka sayo shi, kuma duk sa'ad da Naira ta faɗi, kamar yadda ta yi bayan Yuni 2023, sai farashin tsohon keke ya tashi tare da ita. Abin da ya rage namu na kanmu a cikin wannan sana'a shi ne hannun mai gyara.

SAURAN AIKI YANA KAN TITI

Mai gyara zai iya ba ka keke lafiyayye, amma ba zai iya ba ka hanya ba. Titunan Ikko an yi su ne don mota. Mai keke a kan hanyar Abekuta ko a mahaɗar Pen Cinema, inda aka buɗe gadar sama a 2021, yana tsakanin 'yan danfo da masu keke mai ƙafa uku da manyan motoci ne, ga kwata a buɗe a gefensa. Ba a manta da marigayi Cif Ojo Maduekwe ba, Ministan Sufuri wanda ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su koma hawan keke a 2001, har ya riƙa hawa da kansa zuwa aiki a Abuja, wata rana mota ta ture shi ya faɗa kwata. Jama'a sun yi ta dariya a lokacin, alhali kuwa abin da ya faru da shi ya nuna ainihin inda gyara ya ke.

Dama kuwa ta samu. A 2024 aka buɗe jirgin cikin gari na Red Line, daga Agbado zuwa Oyingbo, kuma yana tsayawa a Agege. A ƙasashen da kekunan nan ke fitowa, keke da jirgi abokan juna ne: a birnin Utrecht na ƙasar Holan, tashar jirgi tana da ma'ajiyar da ke ɗaukar keke 12,500. Mu ba mu nemi wannan ba. Rumfa mai tsaro a kowace tasha, inda mutum zai ajiye kekensa da safe ya tarar da shi da yamma, ta isa ta sa ma'aikaci na Dopemu ko Orile-Agege ya huta da kuɗin mota ɗaya. Haka nan ya kamata Hukumar LAMATA mai kula da sufurin Ikko da ƙananan hukumomi su keɓe gefen hanya a titunan da ke da faɗi, su rufe kwatoci, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa kuma ta riƙa tuna wa direbobi cewa mai keke ma yana da haƙƙi a kan titi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 3 ga watan Yuni ta zama Ranar Keke ta Duniya tun 2018, amma hawan manya na rana ɗaya a gaban 'yan jarida ba zai amfani maigadi da mahauci ba.

Su ma masu hawa da nasu. Fitila da dare, birki mai ci, da barin bin hannun da ba nasu ba, su ne rigakafin da ya fi magani. Masu hannu da shuni na Arewa kuwa, musamman na Kano inda aka taɓa yin wannan sana'a, ya kamata su duba cewa sirdi da feda da kariya da robar birki ba su fi ƙarfin ƙananan ma'aikatunmu ba, ga kasuwa kuwa tana jira tun daga Agege har Maiduguri da Maraɗi. Gwamnatocin jihohi masu shirin koya wa matasa sana'a su sa gyaran keke a ciki, domin jarinsa kaɗan ne, ba ya kuma bukatar lantarki. Allah Ya sa masu iko su ji, Ya kuma kiyaye bayinSa a kan hanya, amin.